Sanyaya Kwamfuta da Ruwa a Zafin Kano: Wanne ne na Saye a Sabbin Kayan da Ke Fitowa?

Duk shekara idan aka buɗe baje kolin Computex a Taipei, a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, hotunan sabbin kayan sanyaya kwamfuta da ruwa kan cika wayoyin masu haɗa kwamfutar tebur: bulok (ƙarfen da ake ɗorawa a kan abin da ke yin zafi, ruwa yana bi ta cikinsa) mai allo a ka, tanki mai walƙiya, lagireto (inda fanka ke huce ruwan, irin na mota) fari sol. Sai dai gwajin da ake nuna maka a bidiyo, yawanci a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25 aka yi shi. Mu a Kano, a watan Afrilu zafin rana kan haura 40, kuma ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ko shagon da ke bene na sama ba wuya ya kai 35 zuwa 38 da la'asar in babu esi. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ce ke shiga ta kowace kafa. Zafin ɗaki da ƙura, su ne za su gaya maka wane sabon kaya ne na saye, wane ne na kallo kawai.

Ruwan da ke cikin kwamfuta ba ya ƙirƙirar sanyi. Yana kwasar zafi ne daga kan furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da katin girafik (mai sarrafa hoto) ya kai lagireto, fanka ta hura shi cikin iskar ɗaki. Ba kamar randa ba ne, wadda ruwanta ke fin iskar ɗaki sanyi saboda yana tsattsafowa ta jikin ƙasa iska tana busarwa. Nan komai a rufe yake ruf, don haka ruwan ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin iskar da ke shiga lagireto ba. In ɗakinka 36 ne, daga 36 ruwanka zai fara, sannan ya ɗora. Duk lissafin da za ka yi, tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin ɗaki ita ce abin dubawa, ba lambar da wani ya samu a Jamus ba.

Ga kuma inda kayan zamani suka kai wajen cin wuta. A ɓangaren katin girafik, RTX 5090 da Nvidia ta fitar a Janairun 2025 wat 575 ne. RTX 5080 wat 360. RX 9070 XT na AMD wat 304. A ɓangaren furosesa, Core Ultra 9 285K na Intel yana kaiwa wat 250 in ya buɗe wuta, Ryzen 9 9950X kuma wajen wat 200. Kusan duk wutar da suka ci zafi take komawa, babu abin da ke ɓacewa. Wanda ya haɗa 9950X da 5090, ya ƙara da famfon da ke tura ruwan, yana da kusan wat 800 da sai ya fitar daga cikin akwati.

Akwai ƙiyasin da masu wannan aiki suka daɗe suna amfani da shi: kowane gurbin fanka mai milimita 120 a jikin lagireto yana ɗaukar kimanin wat 100 idan kana so ruwa ya fi iska da digiri 10, fanka tana juyawa matsakaici. Ƙiyasi ne, amma yana kai mutum kusa. Lagireto mai 360 gurbi uku ke nan. Guda biyu, gurbi shida. Raba 800 gida shida, kowane gurbi ya ɗauki wat 133, tazarar ta tashi wajen digiri 13. A ɗaki mai 23 ruwa yana 36, kowa ya yi barci lafiya. A ɗaki mai 36 ruwa yana 49, kuma wannan in har iskar da ke shiga lagireto ta waje ce kai tsaye. Idan akwatin mai gilashi ne gaba da gefe, lagireto na biyu yana shaƙar iskar da na farko ya riga ya ɗumama, ƙara digiri uku ko huɗu a kai. Ka ga an haura 50 ke nan, kwamfutar ba ta yi laifin komai ba.

Me ya sa 50 ta dame mu, alhali Ryzen an yi shi ne ya jure har 95? Domin ba furosesa ne zai fara kuka ba, sauran kayan ne. Famfunan D5 da DDC da ake sayarwa don kwamfuta, iyakar zafin ruwan da aka rubuta musu 60 ne. Bututun PETG, wanda ya fi sauƙin lanƙwasawa kuma shi ne masu farawa suka fi saye, yana fara laushi a bakin mahaɗi (abin da ke haɗa bututu da bulok ko lagireto) idan ruwa ya daɗe a wajen 50. Zoben roba ya matse shi, bakin ya tsuke, wata rana sai ya zame ya fita, ruwa ya zuba a bayan katin girafik. Tiyo mai garai-garai na PVC kuwa, zafi yana sa sinadarin da ke sa shi taushi ya riƙa fita cikin ruwa da sauri, ya zama farin maiƙo ya toshe siraran tsagun cikin bulok. Shi ya sa a Kano ba na ba kowa shawarar PETG, ko da kuwa an rage masa kuɗi. In dole sai bututu mai ƙarfi don kyan gani, a ɗauki akirilik ko na tagulla. In aiki ake so, baƙin tiyon roba na EPDM mai awo 10/16, wato faɗin ciki milimita 10, na waje 16. Ba ya zubar da maiƙo, ba ya saurin karyewa a kwana, haske ba ya ratsa shi balle gansakuka ta samu wurin zama. Kamfanin EK suna kiran nasu ZMT, Watercool da Alphacool ma suna da nasu.

Kuɗin da za ka kashe a kan allo da fitilu, lagireto ya fi cancanta da shi. Kuma a lagireto faɗi ya fi kauri amfani. Sirara masu milimita 30 guda uku sun fi masu kaurin 60 guda biyu in fanka ba ta gudu sosai, domin iska tana ɗumama tun kafin ta ratsa rabin mai kaurin. Abu na biyu da mutane ba sa dubawa shi ne yawan ganyen ƙarfe a kowane inci, wanda ake rubutawa FPI. Mai 20 zuwa sama saƙarsa a matse take, yana buƙatar fanka mai ƙarfi, kuma a hunturu ƙura takan yi masa bargo cikin 'yan makonni. Nemi mai 16 zuwa ƙasa. Ƙura tana ratsa shi, bulowa kuma tana fitar da ita ba tare da an kwance komai ba. In akwatinka yana karɓar fanka mai 140, lagireto mai 420 ya fi mai 360 faɗin fuska da kusan kashi ɗaya bisa uku, ga ƙarancin ƙara.

A cikin abubuwan da suka ƙara yaɗuwa a 'yan shekarun nan, wanda ya fi dacewa da mu shi ne lagireto na waje. Kamfanin Watercool na Jamus ya daɗe yana yin MO-RA3, wanda samfurinsa na 360 ke ɗaukar fanka tara a fuska ɗaya, kuma a 2024 suka fito da MO-RA IV. Alphacool da masu ƙera kaya na Sin su ma suna da irinsa. Amfaninsa biyu ne. Na farko yana shaƙar iskar ɗaki kai tsaye, ba wadda ta ɗumama a cikin akwati ba. Na biyu kana iya ajiye shi nesa, kusa da taga ko a baranda mai inuwa, zafin wat 800 ɗin ya fita daga inda kake zaune. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: esi mai doki ɗaya yana kwashe kimanin wat 2,600 na zafi, ka ga kwamfutar ta cinye kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinsa. Ana haɗa lagireton waje da mahaɗan da ake cirewa ba tare da ruwa ya zuba ba, irin Koolance QD3, biyu-biyu, don ka iya ɗaukar akwatin shi kaɗai. Kowane ɗayansu yana rage gudun ruwa, saboda haka in tiyo ya yi nisa sosai famfo biyu a jere ya fi kwanciyar hankali.

Akwai tarko ɗaya a nan. Kada ka sa lagireto a ɗaki mai esi, kwamfutar kuma a ɗakin da babu. A damina, musamman Agusta da iska ke cike da laima, ruwan zai shigo akwati ya fi iskar wurin sanyi, tiyo da bulok su fara gumi, ɗigon ya sauka a kan bod, wato faifan lantarkin da kayan kwamfutar ke zaune a kai. In dai lagireto da kwamfuta iska ɗaya suke shaƙa, ko lagireton ne a wuri mafi zafi, wannan ba ya faruwa.

Kafin ma a kai ga ƙarin lagireto, akwai zafin da ba sai an haifar da shi ba. Rage iyakar wutar katin girafik zuwa kashi 80 cikin 100 yana sauke fiye da wat 100 a kan 5090, kuma abin da ake rasawa na gudu bai kai wannan kason ba, saboda ƙarshen ƙarfin kati shi ne mafi cin wuta. Ryzen yana da saitin rage cin wuta mai suna Eco Mode a BIOS, wato saitin bod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ana iya mayar da mai wat 170 zuwa 105. Ga wanda ke kan inbata da sola ko janareta, wannan riba biyu ce: ruwa ya yi sanyi, batir ya kai dare.

Sai bulok ɗin furosesa. Soket, wato mazaunin furosesa a kan bod, na Intel mai suna LGA1851 da ya fito a Oktoban 2024 ramukan ɗaurinsa daidai suke da na LGA1700, don haka yawancin tsofaffin bulok suna hawa. Amma wurin da ya fi zafi a sabbin furosesoshin ya matsa sama kaɗan daga tsakiya, shi ya sa wasu kamfanoni ke fito da ƙarfen ɗauri mai karkata bulok zuwa can. A AM5 na AMD kuwa akasin haka ne, ƙwayoyin da ke aiki suna ƙasa da tsakiya, kuma ɗaurin da ke sauko da bulok milimita bakwai yana rage digiri biyu ko uku. AM5 ya fito a 2022, kuma AMD ta ce za ta ci gaba da shi har 2027 zuwa sama, saboda haka bulok ɗinsa zai yi maka zamani fiye da ɗaya. Idan za ka zaɓa tsakanin murfin akirilik mai nuna ruwa da baƙin asetal ko na ƙarfe zalla, ɗauki asetal ko ƙarfe. Akirilik yana tsagewa a bakin rami idan an matse mahaɗi da ƙarfi, kuma zafi da sanyi na yau da gobe suna buɗa tsagar. A kula da ramin da aka rubuta IN da wanda aka rubuta OUT. In aka juya su ruwa ba zai faɗo ta tsakiyar tsagu yadda aka tsara ba, zafi ya ƙaru.

Ana ta yayata bulok masu zama kai tsaye a kan ƙwayar furosesa bayan an ɓalle murfinsa, irin Mycro na Thermal Grizzly. Suna rage zafi sosai, wannan gaskiya ne. Amma ɓalle murfi yana kashe garanti, ana shafa ruwan ƙarfe mai galiyam wanda ke wuce wuta kuma yake cin alminiyam, sannan kuskure ɗaya ya isa ya fasa ƙwayar. Wanda zai jira makonni kafin wani furosesan ya iso daga Legas ko Guwanzu, bai kamata ya fara da wannan ba.

Bulok ɗin katin girafik shi ne ya fi kawo canji, kuma shi ne aka fi yin asara a kansa. Ba sunan kati ake bi ba, zanen bod ɗinsa ake bi. RTX 5080 na ASUS da na MSI da na Gigabyte kowanne bod ɗinsa daban, har a kamfani ɗaya samfuri biyu kan bambanta. Kafin ka biya, duba cikakken sunan katin a jerin da mai bulok ya wallafa. Bykski da Barrow na Sin da Alphacool duk suna da irin wannan jerin. 5090 Founders Edition na Nvidia kuwa bod ɗinsa kashi uku ne a rarrabe, ga ruwan ƙarfe a kan ƙwayar, kwance shi sai wanda hannunsa ya faɗa. Wajen ɗaurawa, kaurin faifan zafi (laushin abin da ke kai zafi zuwa bulok) da ake sa wa ƙwayoyin ma'adana da na wuta shi ne ke yaudarar mutane: milimita 0.5 ne, 1.0 ne, ko 1.5, bi takardar bulok ɗin ɗaya bayan ɗaya. In ka sa mai kauri fiye da kima zai ɗaga bulok daga kan babbar ƙwaya, ka kunna ka ga zafi ya yi sama nan take alhali ruwa da sanyinsa. In ya yi siriri kuma ma'adana ba ta taɓa ƙarfe ba. A kan babbar ƙwaya, faifan PTM7950 na Honeywell, wanda ke narkewa a wajen digiri 45, ya fi man shafawa daɗewa, domin mai yakan gudu gefe bayan watanni na zafi da hucewa.

Da ka cire fankokin kati ka sa bulok, iskar da ke bi ta kan filogin wutar katin mai suna 12V-2x6 ta ɗauke. Filogin nan yana ɗaukar har wat 600 ta siraran baki, kuma in bai shiga har ƙarshe ba yana zafi ya narke. Tura shi sai ka ji ya ce ƙas, kada ka lanƙwasa wayar sai bayan milimita 35 daga bakinsa, kuma ka bar aƙalla fanka ɗaya tana hura iska ta cikin akwati saboda shi da RAM da SSD da ƙarafan wutar bod. Ruwa bai ɗauke maka bukatar iska ba.

A famfo kuwa, sabbin suna ta fitowa amma har yanzu D5 ne abin dogaro. Yana tura har lita 1,500 a awa in babu abin da ya tare shi, yana ɗaga ruwa kusan mita 3.9, yana cin wajen wat 23, kuma ruwan da yake turawa shi ke sanyaya shi. DDC ƙarami ne, matsinsa ya fi na D5, amma ta jikinsa yake fitar da zafi, don haka a garinmu kada a saye shi sai da ƙarfen sanyayawa a gindi da iska mai bi ta wurin. Dukansu biyu ruwa ne man gogarsu. In suka juya a bushe ko na ɗan lokaci ne, ƙwallon tangaran ɗin ciki ya lalace. Gudun ruwa ba ya bukatar wuce gona da iri. A lita 200 a awa, wat 700 yana ɗaga zafin ruwa da digiri uku kacal daga farkon zagayen da ruwan ke bi zuwa ƙarshensa. Wannan ne dalilin da ya sa tsarin wane kaya ne ruwa zai fara bi ba shi da wani tasiri: bi hanya mafi gajarta, in ban da sharaɗi ɗaya, tanki ya kasance sama da famfo kuma yana ba shi ruwa kai tsaye.

Ba kowa ne ke bukatar haɗa komai da hannu ba. Wanda furosesa kawai zai sanyaya, haɗaɗɗen da ake kira AIO ya ishe shi, kuma nan ne kasuwa ta fi motsi. Haƙƙin mallakar da kamfanin Asetek na Denmak ya riƙe a Amurka kan sa famfo a cikin bulok ya ƙare a Mayun 2025, abin da ya daɗe yana tilasta wa wasu su kai famfonsu cikin lagireto ko kan tiyo. Noctua, waɗanda aka sani da sanyaya ta iska, sun nuna AIO ɗinsu na farko a Computex na 2025 tare da Asetek. Sauran kuwa gasar allo suke yi, daga Lian Li zuwa NZXT zuwa Tryx mai lanƙwasasshen allo. Allon ba ya rage ko digiri ɗaya, yana dai ƙara waya da manhaja da abin da zai lalace. Abin dubawa shi ne girma da kaurin lagireto, shekarun garanti, da ko akwai ramin ƙara ruwa. Liquid Freezer III na Arctic lagiretonsa milimita 38 ne, yana da ƙaramar fanka mai sanyaya ƙarafan wutar bod, garantinsa shekara shida. Amma auna akwatinka tukuna, kaurin nan yakan ci karo da RAM a sama. Kowane AIO yana rasa ruwa a hankali ta jikin tiyo, kuma zafi yana gaggauta hakan, saboda haka masu ramin ƙari irin na be quiet! da Eisbaer na Alphacool suna da fifiko a nan. Wajen ɗaurawa kada famfo ya zama shi ne mafi tsawo a zagayen. Lagireto a sama ya fi, in a gaba ne tiyo su fito ta ƙasa, don iskar da ta taru ta zauna a saman lagireto maimakon cikin famfo.

Wani abin da Noctua suka nuna tun 2024 shi ne samfurin gwaji marar famfo kwata-kwata: ruwa na musamman yana tafasa a kan furosesa, tururin ya hau lagireto a sama ya huce, ya gangaro da kansa. Ya burge ni saboda famfo shi ne abin da ke fara mutuwa, kuma a nan Kano famfo ba shi da sauƙin samu. Amma dole lagireton ya zauna a saman akwati, kuma shi ma da iskar ɗakinka zai huce.

Mu koma kan haɗin hannu. Kada alminiyam ya haɗu da jan ƙarfe a zagaye ɗaya. Ruwa yana zame musu hanyar wuta, alminiyam ya riƙa cinyewa, ya bar farin gari yana toshe bulok har ya huda. Jan ƙarfe da tagulla da nikel suna zama tare. Lagireto mai arha da yawa a intanet alminiyam ne aka fesa wa baƙin fenti. In ka ɗaga ka ji ba nauyi, ka yi shakka. Kuma ka tsaya a kan zaren G1/4, wato awon murɗin ramukan da ake ɗaura mahaɗi, wanda kusan kowane kamfani ke amfani da shi, don in wani kamfani ya daina yin kaya ka ɗauko na wani ka ɗaura.

Ruwan da za a zuba shi ne inda Kano ke da nata matsalar. Ruwan famfon gida, na burtsatse, fiya wata da na roba duk suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa a cikin tsagu. Tataccen ruwa ake so. Masu batirin inbata suna sayar da shi da sunan ruwan batir, amma a yi hattara: wani jarkar akwai asid a ciki, wani kuma ruwan banza ne aka liƙa wa takarda. Gwada da ɗan ma'aunin TDS, mai auna gishirin da ya narke a ruwa, irin wanda masu gidan ruwa ke amfani da shi, ya nuna sifili ko kusa da shi, sannan takardar gwajin asid ta nuna 6 zuwa 7. Shagunan kayan ɗakin gwaje-gwaje sun fi tabbas. Tataccen ruwa shi kaɗai ba ya hana tsatsa da gansakuka, sai an ƙara magani. Tunda masu kawo kaya ta jirgin sama ba sa son ruwa mai yawa, sayi mai kauri: CryoFuel na EK kwalbar mililita 100 ana haɗa ta da mililita 900 ta ba da lita guda. Ɗauki marar launi. Masu kama da madara ƙwayoyin cikinsu suna kwantawa in zafi ya yi yawa, kuma wanke su azaba ne. Ruwan lagireton mota da ake sayarwa a bakin titi a bar wa mota, ba ka san me aka sirka a ciki ba.

Idan zagayenka furosesa ne da kati da lagireto biyu da tanki mai famfo, abu biyar ke nan, kowanne mahaɗi biyu, goma. Ƙara mahaɗai masu lanƙwasar digiri 90 masu juyawa guda huɗu, mahaɗi mai baki uku da bawul na zubar da ruwa a wuri mafi ƙasa, sensar zafin ruwa mai zaren G1/4, murafu biyu ko uku, da tiyo mita uku. Awon mahaɗi ya yi daidai da na tiyo ciki da waje. 10/13 ba ya kama 10/16. Sayi rarar mahaɗi biyu da fakitin zoben roba a oda ɗaya. A Farm Centre ko Beirut Road za ka iya samun fanka da man furosesa da wayoyi, amma kada ka ɗora aikinka a kan za ka samu mahaɗin G1/4 ranar da ɗaya ya ba ka matsala. Zagayen yakan sha lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sai dai ka tanadi lita biyar zuwa goma na tataccen ruwa saboda wanki.

Sabon lagireto da datti yake zuwa, ragowar walda da ɓurɓushin ƙarfe. Zuba masa tataccen ruwa mai ɗumi zuwa rabi, toshe ramukan, girgiza da kyau, juye a farin kwano ka duba. Maimaita har ruwan ya fito tas. Wajen ɗaura fanka yi amfani da notin da ya zo da lagireton. Fanka mai kaurin 25 notin milimita 30 take so, kuma in ka sa mai 35 ba tare da ƙarfen akwati a tsakani ba, bakinsa zai iya huda hanyar ruwa. Mahaɗi da hannu ake ɗaure shi har zoben roba ya zauna, filaya ba ta da aiki a nan. Yanka tiyo a miƙe, tura shi har gindi, sannan ka murɗa zoben matsewa.

Kafin ɗigon ruwa ya shiga, gwada da iska. Ana sayar da ɗan famfon hannu mai agogo. Hura har agogon ya nuna bar 0.5, ka bari minti 15. In allura ta tsaya cak, babu yoyo. In tana sauka, bi mahaɗan ɗaya-ɗaya, ka fara da masu juyawa da murafun da ke bayan lagireto waɗanda ake mantawa. Faffaɗan tankin akirilik da ke zama a bangon akwati wani ba ya jure wannan matsin, duba iyakar da aka rubuta masa. Wajen cikawa cire babbar waya mai ƙafa 24 daga bod, cire ta furosesa da ta kati, famfo kaɗai ya rage a jikin fawa, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta. Ana tayar da fawa ta hanyar haɗa ƙafa ta 16 ta babbar wayar da ƙafar GND, amma tunda wayoyin yanzu duk baƙaƙe ne, sayi ɗan filogin da aka yi don haka, kada ka yi canki da waya. Cika tanki, kunna, kashe kafin ruwa ya ƙare, ƙara, sake kunnawa. In zagaye ya cika, shimfiɗa tishu a ƙarƙashin kowane mahaɗi, ka bar famfo yana aiki sa'o'i, kana karkata akwatin gaba da baya don kumfa ta fito. Yi wannan a kan inbata ko UPS, domin in an ɗauke wuta aka dawo da ita ba ka wurin, famfo zai iya tashi tanki a ƙasa. Kada a cika tanki fal. Bar ɗan yatsa biyu na iska a sama, ruwa yana kumbura in ya yi zafi.

Fanka da zafin ruwa ya kamata ta riƙa tafiya, ba da na furosesa ba, wanda ke tsalle sama da ƙasa cikin daƙiƙa. Wasu bod suna da gurbin sensa mai ƙafa biyu. In babu, Quadro ko Octo na Aqua Computer suna yin aikin, kuma suna riƙe saitin ko manhaja ba ta buɗe ba. Da yake ɗakinmu yana iya zama 22 da safiyar hunturu, 38 da yammacin bazara, saiti a kan lamba ɗaya ba ya aiki: ko fanka ta yi ta ihu wata uku, ko ta yi barci lokacin da ake bukatarta. Sa sensa ta biyu a bakin iskar da ke shiga, ka ɗora saitin a kan tazara: a digiri 5 fanka tana a hankali, a 12 ta buɗe duka. Sannan ka sa ƙararrawa a ruwa mai 50, da umarnin kashe kwamfuta a 55 ko in famfo ya daina ba da alamar juyawa.

Ƙura kuma ana yaƙarta ne da matsin iska. Fankokin da ke shigar da iska su fi masu fitarwa yawa, kowace mashiga da ragarta, don iska ta riƙa fita ta ƙananan kafofi maimakon ƙura ta shigo ta nan. Ɗaga akwatin daga kan kafet zuwa tebur. A hunturu kakkaɓe raga duk mako, ka hura lagireto da bulowa duk wata, daga ciki zuwa waje, kana riƙe da fukafukan fanka da yatsa don kada su yi gudun da zai lalata su. Sauya ruwa sau ɗaya a shekara, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Fabrairu, ƙura ta lafa, zafi bai kankama ba. Juye tsohon ruwan a farar roba ka duba. Kore-kore mai santsi gansakuka ce, magani ya ƙare ƙarfi. Farin maiƙo daga tiyo yake. Ɓurɓushi mai ruwan toka ko shuɗi-shuɗi alamar ƙarfe na cinyewa ne, sai a nemo wane ne baƙo a zagayen. In ka ga ɗaya daga cikinsu, buɗe bulok, goge tsagun da buroshin haƙori mai laushi da tataccen ruwa, bi tsawonsu ba a gicciye ba. Kada sifirit ya taɓa akirilik, tsaga shi yake yi, kada kuma ruwan tsami ya taɓa nikel, ɓare shi yake yi. Zoben robar da ya baje ko ya bushe a sauya shi kafin a rufe, sannan a sake gwajin iska kafin a zuba sabon ruwa.